Ƙofa Biyar a Gangare

Mahaifina ya shekara talatin yana wankin kuza a Bukuru,
bai taɓa mallakar adireshi ba.
Wasiƙarsa takan zo ta hannun Sallau mai shayi,
ta kwana biyu ƙarƙashin gwangwanin madara
kafin ta iso shi da tabo a gefe.

Ashe ni ma haka nake, ban sani ba.

Na sayi tsohuwar kwamfuta a Taminus,
na tura ta ƙarƙashin gado
inda sanyin Jos ke yi mata fifita kyauta.
Na ɗura mata muryar Baba, kaset goma sha ɗaya:
labarin ramin da ya rufta, farashin gishiri, tari,
don Namadi ƙanena, can Malesiya, ya riƙa ji.
Namadi ya ƙwanƙwasa, ya sake ƙwanƙwasawa.
Ya ce, Yaya, ban ga ƙofa ba.

Davou na kamfanin intanet ya zo da tsani a kafaɗa,
ya leƙa rauta, ya kwashe da dariya.
Maigida, ai gidan haya kake.
Ku ɗari da ɗoriya ne a bayan lamba guda.
Fita dai kuna fita,
amma baƙo in ya tsaya a zaure
wa zai ce yana nema?

Na ce a ba ni tawa. Ba ma guda ba.
Ɗaya ta Baba,
ɗaya ta kyamarar shagon Azumi, inda atamfa ta koyi tafiya da ƙafa,
sauran kuma a ajiye, tunda gobe ba ta sallama.

Ya ce lambobin sun yi ƙaranci a duniya,
an yi rabo muna barci.
Abin da ya saura haya ake ba da shi wata-wata
kamar rumfar kasuwa.
A cike fom, a rubuta dalili, a koma layin 'yan kasuwa.
Kuɗin ya kai buhun dankali da rabi.
Azumi ta ce, to lambar za mu dafa?

Takwas suka rubuta a takarda,
biyar suka iso hannuna.
Ta farko wai sunan layi ce, ta ƙarshe ta shela,
guda kuma mai gadinsu ya shimfiɗa tabarma a kai.
Na ce ko mahauci ya fi ku sauƙin hannu,
shi ƙashi ɗaya yake sa wa kilo.

Daren da ƙofofin suka buɗe ana ruwa da ƙanƙara.
Ban gama shan shayi ba aka fara taɓa su.
Ba Namadi ba.
Baƙi ne daga ƙasashen da ban iya faɗin sunansu,
kowa da damin makullai,
ya gwada wannan, ya gwada wancan,
ɗari uku kafin sha biyu.
Sai na tuna Baba bai taɓa yin ɓarawo ba;
wanda ba a san gidansa ba, wa zai haura masa?
Na zauna ina ƙara sakata, yatsu na sanƙarewa.

Ƙarfe biyu da kwata
wata lamba ta zo, ta murɗa sau ɗaya, ta shige.
Kaset na huɗu.
Na san wurin: Baba zai yi tari,
ya ce a rage wutar fitila, kananzir ya yi tsada.

Aka ɗauke wuta.
Batir ya karɓa da ƙugi.
Na kashe ƙwan ɗaki, na zare cajin waya,
na bar wa tsohon abin da ya rage
ya ƙarasa magana da ɗansa.